Yadda Ake Ba Gidan Zoo Kyautar Zane ko Sassaƙar Dabbobi

Gidajen ajiye namun daji da muke da su yawancinsu tsofaffi ne. Na Audu Bako da ke Kano tun farkon shekarun 1970 yake, na Sanda Kyarimi a Maiduguri shi ma sa'ansa ne, gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai kuwa, wanda ke da nasa ɓangaren dabbobi, tun 1959 aka kafa shi. Kuɗin da ke shigo musu abincin zaki da kura da magani ne ke fara cinye shi, ado sai abin da ya rage. Shi ya sa za ka ga dogon bango fayau babu komai a jikinsa, ko allon suna da rana ta cinye rubutunsa. Mai zane, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ɗan kasuwar da ke son ya bar wani abu da yara za su amfana da shi, yana da wurin da zai sa hannu a nan.

Sai dai kyautar irin wannan aiki ba kamar kyautar buhun masara ba ce da za a sauke a yi godiya a watse. Daga ranar da aka kafa ta, gidan ne zai riƙa sharewa, da gadi, da amsa tambaya idan wani yaro ya faɗo daga kanta. Don haka a bi ta mataki-mataki.

Mataki na 1: Ka je ka gani, kada ka fara da zane

Sayi tikiti ka shiga kamar kowa, da safe a ranar aiki lokacin da babu cunkoso. Ka riƙe awo da wayar ɗaukar hoto. Duba inda mutane ke tsayawa su huta, inda yara ke taruwa, bangon da ke kallon ƙofar shiga, da wuraren da ruwa ke kwanciya da damina. Alamar tana nan a jikin bango: layin danshi, gishiri-gishiri da ke fitowa, filasta da ta kumbura. Bangon da ke shan ruwa daga ƙasa ba ya riƙe fenti, komai tsadarsa.

Ka tsaya ka gaisa da masu kula da dabbobin. Su ne suka san inda biri ke miƙo hannu, da inda jimina ke firgita, da tambayar da baƙi suka fi yi musu. Sau da yawa daga bakinsu za ka ji abin da gidan ke buƙata, wanda ba lallai ya zama abin da ka zo da shi a ranka ba.

Mataki na 2: Gano mai gidan, ka rubuta takarda

Kowane gida da mai iko da shi. Na Kano yana ƙarƙashin hukumar jiha mai kula da gidan zoo da namun daji. Wanda ke jikin gidan tarihi na Jos na hukumar gidajen tarihi ta tarayya ne. Na jami'a kuma, irin na Ibadan, hukumar makaranta ce ke da ta cewa. Tambayi ofishin gidan sunan muƙamin da za ka rubuta wa, da ma'aikatar da za a ba kwafi.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Ta faɗi ko kai wane ne, me kake son bayarwa, a ina kake ganin ya dace, girmansa, da me za a yi shi, wa zai biya, kuma kyauta ce ba kwangila kake nema ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin ofisoshinmu sun saba da masu shigowa da sunan taimako su fita da takardar neman biya. A Najeriya a rubuta da Turanci, a Nijar da Faransanci, ka haɗa da hoton wurin da ɗan zanen gwaji. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Amincewar baki daga shugaban gida ba ta isa ba; ana sauya shugabanni, wanda ya zo kuma fayil zai duba.

Mataki na 3: Zanen bango ko mutum-mutumi?

Nan ne wurin da ya kamata a zauna a yi tunani sosai, don a garuruwanmu maganar ba ta ado kaɗai ba ce, ta taɓa addini. Ra'ayin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne cewa surar mai rai da aka haramta ita ce cikakkiya mai jiki, wadda ke da inuwa. Wadda aka shimfiɗa a bango ko takarda hukuncinta ya fi sauƙi. Akwai kuma malaman da suka hana duka biyun. Ba aikin mai ba da kyauta ba ne ya raba wannan gardama, amma aikinsa ne ya san garin da yake ciki. Giwar siminti da za a yi ta ɗaukar hoto da ita a Jos ko Abuja, a wani garin tana iya zama abin huɗubar Juma'a, shugaban gidan kuma ya wayi gari yana kare kansa a kan abin da ba shi ya nema ba. Ka tambayi hukumar gidan kai tsaye, ka kuma ji ta bakin malamin da jama'ar wurin ke saurare, tun kafin a sayi buhun siminti ɗaya.

A ganina, a yawancin ƙasar Hausa zanen bango ya fi kwanciyar hankali, ya fi araha, kuma gyaransa ya fi sauƙi. Muna da hannun yinsa: magina masu zayyanar soraye a Zariya da Kano da Damagaram, da masu zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motoci.

Akwai ma hanyar da ba ta taɓa surar dabba ko kaɗan, kuma yara sun fi sonta:

- Sawun dabbobi a kan daɓen siminti, kowanne daidai girmansa na gaske, daga na giwa zuwa na dila, a jere har ƙofar kejin mai sawun.
- Bangon awo, inda aka ja layi a tsayin jimina, wadda namijinta ke haura mita 2 da rabi, da na raƙumin dawa da ke haura mita 5, yaro ya tsaya ya gwada kansa.
- Taswirar wuraren da namun dajinmu suka rage: Yankari a Bauci, Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, fadamun Haɗeja da Nguru, dajin W da Kure a Nijar.

Wani abu da zan ja kunne a kai: wasu kan so su ƙawata aikin da ayoyin da suka ambaci dabbobi. Kada a rubuta aya a bangon da yara za su jingina, ƙura da kashin tsuntsu su sauka a kai. A bar wannan.

Mataki na 4: Zaɓi dabbar, kuma a zana ta daidai

Kowa zaki yake so. Amma zaki yana jikin mota, yana jikin kwalin ashana, ba ya neman mai tallata shi. Ka duba waɗanda ke ɓacewa a gabanmu. Gauraka, mai tukku kamar zinariya, ta yi wuyar gani a fadamun da a da take kiwo. Ungulu da ke cika mahauta a da, yanzu yaro zai girma a birni bai taɓa ganinta ba. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba, kariya ta sa suka koma ɗaruruwa. Irin wannan labari ne ya cancanci bango.

Zanen dabba a fili ba baƙon abu ba ne a yankinmu. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu tun zamanin da. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsayinsa ya haura mita 5, har aka zuba kwafinsa da alminiyam aka kafa a filin jirgin saman Agadas.

Gidan zoo makaranta ce, saboda haka kuskure a zane koyar da kuskure ne. Mai zanen da ya ɗauko hoto daga intanet yana iya kawo maka giwar Indiya mai ƙananan kunnuwa, alhali tamu faffaɗan kunne gare ta. Yana iya zana dabbar nan mai ratsi-ratsi ta ƙasashen Asiya ya rubuta damisa, alhali damisarmu ɗige-ɗige ne a jikinta, waccan kuwa babu ita a dajin Afirka. Zakin yankinmu gezarsa ba ta cika kamar ta na Afirka ta Kudu, raƙumin dawanmu kuma launinsa ya fi haske. Ka kai zanen gwaji wurin likitan dabbobin gidan ya duba, ya sa hannu a bayansa.

Mataki na 5: Nemo mai aikin

Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tsohon gida ne a wannan fanni, kuma kwalejojin ilimi da na fasaha da yawa suna da nasu sassan. A Yamai, masu sana'ar hannu suna nan cikin gidan tarihin kansa. Ko wa za ka ɗauka, kada ka tsaya ga hoton aikinsa a waya. Je ka ga wanda ya yi a waje, wanda damina biyu ko uku ta doka. A nan ake gane gwani.

Karɓi farashi daga mutum uku, kowa ya rarrabe kuɗin kaya da na hannu. Ka sayi kayan da kanka, a tashi ɗaya, tunda farashin siminti da rodi ba ya kwana wuri guda. Kuɗin hannu a raba shi uku: na kama aiki, na tsakiya, da na ƙarshe wanda ba za a biya ba sai hukumar gidan ta duba ta karɓa. Ga mutum-mutumi, sai ya fara gina ƙarami da yumɓu, kamar kashi ɗaya cikin goma na girman, kowa ya gani ya yarda.

Mataki na 6: Kayan aiki da lafiyar dabbobi da yara

Siminti a kan ƙashin rodi da ragar waya shi ne mafi dacewa da aljihu da yanayinmu. Yana da nauyi, ba a sace shi, kuma kowane birkila zai iya toshe tsagarsa. Fayiba ba ta da nauyi, amma rana tana gasa ta har ta fara tsattsagewa. Aikin tsofaffin ƙarafa yana da ban sha'awa, duk wanda ya ga dabbobin da mai fasahar nan ɗan Najeriya, Dotun Popoola, ke haɗawa da su ya san haka, sai dai matsalarsa biyu ce. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, ƙarfen da ke rana yana ƙona tafin yaro. Sannan ƙarfe da tagulla suna da kasuwa a wurin 'yan jari-bola. In dai ƙarfe za a yi, a sa shi a inuwa, kusa da mai gadi, a ɗaure shi tamau da rodin da ke binne cikin kankare. Ga bango kuwa, fasassun tayil da aka jera suka ba da sura sun fi kowane fenti daɗewa, kuma masu sayar da tayil kusan kyauta suke bayar da su. A goge bakinsu kada su yanki hannu.

Fenti: a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma tsohon fentin mai, musamman rawaya da ja, yana iya ɗauke da ita. Fenti yana ɓarewa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, biri ya tsinta ya ci.

Ga sauran ƙa'idojin da ban yarda a sassauta su ba:

- Komai ya kasance nesa da inda dabba za ta iya miƙo hannu, baki ko hanci. Tsuntsaye, musamman aku, suna gwaguyar ƙarfe, kuma tutiyar da ake shafa wa waya guba ce gare su.
- Babu madubi ko gilashi mai walƙiya kusa da keji. Tsuntsu yana faɗa da inuwarsa har ya ji ciwo.
- Kada a kafa surar zaki ko kura tana fuskantar barewa.
- Kada aikin ya zama matakalar da yaro zai taka ya leƙa ko ya tsallaka shinge.
- Babu tsini, babu kaifi. Ƙaho da haure a dunƙule bakinsu.
- Duk wani rami ko tsakanin ƙafafu, ko dai ya gaza santimita 9, ko ya wuce 23. Tsakanin nan ne kan yaro ke shiga ya ƙi fita.
- Ka ɗauka cewa za a hau shi, ko an rubuta kada a hau. Bayan dabbar kada ya yi tsayin da faɗowa daga kai za ta karya, a zuba yashi mai kauri a kewaye.

Kada a sa wani sashe na dabbar gaske a cikin aikin: hauren giwa, fatar damisa, ƙahon gwanki, ƙoƙon kunkuru. Najeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren giwa da aka kama, a Abuja. Gidan da aka gina don kare dabba ba zai yi ado da gawarta ba.

Mataki na 7: Yarjejeniya a rubuce

Shafi biyu sun isa, amma su amsa waɗannan: Daga wace rana aikin ya zama mallakar gidan? A ina zai zauna, kuma idan za a matsar da shi ko a rushe, wa za a sanar, kwana nawa kafin nan? Wa zai riƙa gyara, da kuɗin wa? Me za a rubuta a allon suna? Idan wani ya ji rauni bayan an miƙa, alhakin wa?

Sai haƙƙin mallakar fasaha, wanda kusan kowa ke mantawa. Ba da bango ko gunkin siminti daban, ba da izinin buga hotonsa daban. A dokar Najeriya, miƙa wannan haƙƙi sai a rubuce. Idan gidan zai sa hoton a tikiti, kalanda ko riga, a faɗa a takarda, mai zanen ya sa hannu, a kuma riƙa ambaton sunansa. Mutum uku ne za su rattaba hannu: mai bayarwa, mai zane, da wakilin hukuma, kowa da shaidarsa. Ka nemi a shigar da aikin cikin rajistar kadarorin gidan. Idan akwai kuɗin da zai shiga hannun gidan, ta asusun hukuma zai bi, a ba ka rasit.

Shawara ta ƙashin kaina: kada hoton ɗan siyasa ko alamar jam'iyya su hau aikin, ko da shi ya biya. Ranar da gwamnati ta sauya, da shi da gaurakar za a shafe.

Mataki na 8: Lokaci da ranar aiki

Kaka ce lokacin fenti, daga Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. Da damina bango a jiƙe yake, da hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, da bazara yana bushewa kafin ya kama. A kauce wa makon sallah gaba ɗaya, don a lokacin ne gidan ke cika maƙil, ma'aikata ba su da lokacin kowa.

Ga bango, a kankare tsohon fenti, a toshe tsaga, a yi sabuwar filasta inda ta lalace, a riƙa ba ta ruwa mako guda, a bar ta ta yi kamar mako huɗu kafin fenti ya hau. Sai shafin farko na share fage, sannan a ja layukan murabba'i a bango daidai da na takardar zane, a kwafe gida-gida. Fentin waje shafi biyu, a fara da sassafe, a dakata idan rana ta take.

Ga mutum-mutumi, walda da yanka da feshi duk a gama su a shagon mai aikin. Ƙarar injin yanka da tartsatsin walda suna firgita dabbobi, barewa kan iya dukan shinge har ta karye. Abin da za a yi a gidan shi ne tushe kawai: a haƙa har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare na siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, a ɗaga dakalin sama da inda ruwa ke kaiwa. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta shanye gidan zoo na Maiduguri. Ba kowace shekara ake ganin irinta ba, amma ta isa ta sa a tambayi tsofaffin ma'aikata inda ruwa ya taɓa tsayawa. A kewaye wurin aiki da igiya, kuma kowace yamma a tsince ƙusa, guntun waya, leda da gwangwanin fenti. Jimina tana haɗiye duk abin da ke ƙyalli.

Mataki na 9: Allon bayani da miƙawa

Allon ya ɗauki sunan dabbar da Hausa, boko da ajami, da Turanci ko Faransanci, sai jimla biyu kan inda take rayuwa da abin da ke barazana gare ta. Sunan mai zane da shekara su biyo baya, naka ya zo ƙarshe da ƙananan haruffa. A tono rubutun cikin siminti ko dutse, a kafa shi daidai idon yaro.

Bikin miƙawa ba ya buƙatar makaɗa da lasifika, dabbobi ne maƙwabta. Gayyato aji ɗaya na firamare, mai kula da dabbar ya yi musu bayani, a sa hannu a takardar karɓa, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa don ajiya.

Mataki na 10: Bayan an watse

Tun wajen lissafin farko ka ware kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin aikin don gyara. Ka bar wa gidan ragowar fenti a rufe, da sunan kamfani da lambar kowane launi a rubuce, da lambar wayar mai zanen a cikin fayil.

A duba aikin sau biyu a shekara. Bayan hunturu a wanke ƙura da ruwa da soso mai laushi, ban da burushin ƙarfe. Bayan damina a nemi tsaga, da jan tabon tsatsa da ke nuna ruwa ya kai ga rodi, da inda dakali ya fara zaizayewa. Ƙaramar tsaga a toshe ta a ranar da ruwan siminti. Idan aka bar ta ta sha damina ɗaya, rodin ciki zai kumbura ya fasa simintin daga ciki. Ja da shuɗi su ne launukan da rana ke fara ci, musamman a bangon da ke kallon yamma, don haka su za a fara sabuntawa, kuma a kira wanda ya zana tun farko matuƙar ana iya samunsa.